Daga Sambol Zuwa Oral: Tarihin Jarrabawar Baki a Makarantunmu

 

A satin da ya wuce mun gayyaci ƴan makaranta huɗu cikin shirinmu na matasa, dukansu sun samu birbe da maki mai kyau. Kafin a buɗe makirho hira suke ta yi suna dariya, har sai da muka ce su rage murya. Da jar fitila ta kama, muka ce wa ta farko ta gaya wa masu saurare abin da take son zama in ta gama karatu. Shiru. Muka ce to ƴar uwa, bar Faransanci, yi da Hausa. Ta sunkuyar da kai ta ce: "Wallahi Hausar ma ta ɓace min." Bayan shirin wani dattijo ya kira mu ya ce: "Ɗana, shin mi aka koya ma ɗiyan ga a lakkol, in ba su iya buɗa baki gaban mutane?" Ba mu da amsar da za mu ba Baba a lokacin. Shi ya sa muka koma muka bi tarihin abin, don mu ga yadda aka yi ta auna bakin ɗalibi a ƙasar nan, da inda aka sake shi.

Mu fara da abin da muka tarar a gida. Tun kafin Nasara ya kafa aji ko ɗaya, makarantar allo tana da jarrabawarta, kuma da baki ake yin ta. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya shiga haɗa baƙi yana karanta allonsa. Ba ya wanke allo sai ya zo gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa cewa karatun ya zauna. In ya yi tuntuɓe, a ce ya koma. Almajiran ma suna da matakai da sunayensu: kolo, titibiri, gardi, har a kai alaramma da gwani. Kowane mataki da abin da ake son ji daga bakinka kafin a kira ka da sunan. Ranar sauka kuwa, gaban jama'ar unguwa ɗalibi yake karantawa, iyaye da malamai na saurare. Wannan tsarin ne aka mayar da shi gasa ta zamani: a Najeriya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙar ƙasa a 1986, inda ake raba masu karatu rukuni-rukuni, daga izu biyu har izu sittin, alƙalai na zaune suna ba da maki a kan hadda da tajwidi da murya.

Wajen makaranta ma haka abin yake. Da dare tsofaffi na ba da gatana, yaro ya karɓa ya maimaita, in ya ɓata ƙannensa su yi masa dariya. A fadar Samna ko ta Sarkin Arewa, wanda bai iya jera magana ba, ba a tura shi ya isar da saƙo. Sanƙira a wajen ɗaurin aure, mai shela a kasuwa, ɗan kokowa da kirarinsa, kowa jama'a ce ke yi masa hukunci nan take. Har yau a gasar takobin kokowa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ana ba da kyauta ga wanda ya fi iya kirari. Kenan mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin cewa iya magana abu ne da ake koya, ake aunawa, kuma wani ya fi wani.

Sai lakkol ta zo da nata. A Faransa kanta, jarrabawa da baki ta riga ta rubutu. Bak ɗin nan da ɗiyanmu ke wahala a kai, Napoliyon ne ya kafa ta da dokar 17 ga Maris 1808, kuma a farkonta ba a rubuta komi. Ɗalibi ya tsaya gaban malamai, su yi masa tambayoyi a kan littattafan Latin da Girkanci da tarihi da falsafa, ya amsa. A 1809 mutum 31 kawai suka samu. Sai a 1830 aka shigo da ɓangaren rubutu. Satifikan firamare na Faransa ma, wanda dokar 1882 ta tabbatar, yana da karatu da babbar murya da kuma resitasiyon ko waƙa. Wannan gadon ne aka kwaso aka kawo mana.

A 1903 gwamna janar Ernest Roume ya tsara makarantun Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa: makarantar ƙauye, makarantar yanki, makarantar birni. Nijar ta zama koloni a 1922, kuma a 1924 dokar gwamna janar Jules Carde ta jaddada cewa Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a aji. To ku duba matsalar mushe na wancan zamani: an tara masa yara da ba su taɓa jin kalma ɗaya ta Faransanci ba, an kuma hana shi yi musu Hausa. Abin da ya rage masa shi ne darasin da ake kira langaj. Ya ɗaga abu ya faɗi sunansa, aji duka su maimaita. Ya tashi, ya zauna, ya buɗe ƙofa, yana faɗin abin da yake yi, yara na bin sa. Daga baya littafin Mamadou et Bineta na André Davesne ya shigo, kakanninmu da iyayenmu da yawa da shi suka koyi karatu. Mu lura da abu ɗaya: a wannan tsari baki ne kan gaba, amma abin da ake aunawa shi ne ko yaro ya maimaita daidai. Ba a tambayarsa ra'ayinsa, ba a kuma ba shi maki don ya kare wata hujja.

Nan ne sambol ya shigo. Ƴan bayanmu da ba su tarar da shi ba, ga yadda yake: wani abu ne na wulaƙanci, ƙashin dabba ko gwangwani ko guntun itace da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar lakkol, a rataya masa. Shi kuma ba shi da mafita sai ya yi ta laɓe har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda yamma ta tarar da shi a wuyansa, shi ke shan bulala ko shara. Faransawa ba a kanmu suka fara ba, sun yi wa ƴaƴan Biritaniya ta Faransa da na kudancin ƙasarsu masu nasu harsuna. Amma a nan ya daɗe, har bayan samun ƴancin kai a 1960, kuma malamai ƴan ƙasa ne suka ci gaba da shi da kyakkyawar niyya, a ganinsu hanyar da yaro zai kama Faransanci kenan.

Mu kanmu mun tarar da ragowarsa. Muna aji uku na firamare, wata ƴar ajinmu ta taka ƙaya lokacin rekireyasiyon, ta ce "wayyo inna". Mai sambol yana bayanta, nan take ya rataya mata. Ta yini da shi tana kuka, kuma daga ranar har muka gama firamare ba mu ƙara jin ta ɗaga hannu a aji ba, alhali a dikte da lissafi tana cikin na gaba. Abin da sambol ya koya mana duka shi ne: wanda ya yi shiru ba ya shiga uku. Da yawa daga cikinmu mun fita lakkol da wannan darasin a ƙirji, kuma shi muka fi riƙewa.

Abin mamaki, a daidai lokacin da ake hana ƴaƴanmu Hausa, Turawa na zaune suna jarrabawar Hausa. A Arewacin Najeriya, jami'in mulkin Ingila sai ya ci jarrabawar Hausa mai matakai, ƙarama da babba, wadda ta haɗa da magana baki da baki, kafin ya ci gaba a aikinsa. A ɓangaren Faransa kuwa, Diori Hamani, wanda ya yi makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal kamar Boubou Hama da Djibo Bakary, ya koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris, a makarantar da ke horar da jami'an da za a turo mulkin ƙasashenmu. Wato masu mulki sun san darajar iya magana da harshen mutane. Ita makarantar Ponty ma ta shahara da wasan kwaikwayo a shekarun 1930, inda ɗalibai ke tsara wasa daga al'adun garuruwansu su yi shi gaban jama'a. Ba abin mamaki ba ne da waɗanda suka fito daga can suka zama masu riƙe taro da baki: Diori ya zama shugaban ƙasa na farko, Boubou Hama ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Sai dai su ƴan ƙalilan ne. Sauran yaran ƙauye sun tsaya a maimaitawa.

Bayan ƴancin kai an yi yunƙuri da dama. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. Masu jagorantarsu, galibi malaman makaranta, suna yawo da na'urar ɗaukar murya, su tara manoma da mata su saurari shiri tare, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a aika Yamai a watsa. Mu ma'aikatan rediyo na yau jikokin wannan aikin ne. A 1964 aka fara talabijin na makaranta, yara na kallon darasi a akwati suna amsawa. A wannan shekarar ce kuma Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya kare cewa yaro ya fara karatu da harshen da ya sha a nono. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ana koyarwa da Hausa tare da Faransanci, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Zamanin Seyni Kountché, samariya da bikin matasa na ƙasa sun ba samari da ƴan mata dandalin wasan kwaikwayo da waƙa, kuma wa zai manta da Yazi Dogo, malamin makaranta da ƙungiyarsa suka sa ƙasa duka dariya da tunani da Hausa tsantsa? Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa goma.

Duk da wannan, a cikin aji abin bai canza sosai ba. Ku tuna da namu zamanin. A firamare akwai resitasiyon: ka haddace, ka fito gaban tablo, ka harɗe hannu, ka zubo shi kamar ruwan kwata, ko ka san ma'anarsa ko ba ka sani ba. A kwaleji da lise akwai ekispoze: mutum biyar a rukuni, ɗaya ya kwafo, ɗaya ya karanta takarda kansa a ƙasa, sauran uku na tsaye kamar masu gadi, a ba kowa maki ɗaya. Sai ranar oral, inda za ka shiga gaban malamin da ba ka taɓa gani ba, gabanka na faɗuwa, a tambaye ka abin da ba a taɓa horar da kai yadda ake amsa shi ba. Wanda ya kai jami'a, ranar sutnans ce karo na farko da zai tsaya ya kare aikinsa gaban alƙalai, yana da shekara ashirin da wani abu. Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba: a Najeriya, ɓangaren jarrabawar WAEC da ake kira gwajin Ingilishin baki, da fensir ake amsa shi, ɗalibi na zaɓen amsa a takarda ba tare da ya furta kalma ɗaya ba.

Me ya sa aka bar baki a baya? Dalili na farko lissafi ne. Malami ɗaya zai iya tsare yara 60 su yi rubutu cikin awa biyu. In kuwa zai saurari kowane ɗayansu minti 5, minti 300 kenan, awa 5 cur, bai koyar da komi ba ranar. Na biyu, takarda tana ajiyuwa: in an yi gardama a ɗauko ta a sake dubawa, a kuma rufe sunan mai ita. Magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ta fita, kuma mai ba da maki yana ganin fuskarka, ya san ɗan wane ne kai. Na uku, abin da ba ya cikin babbar jarrabawa da nauyi, malami da ɗalibi da uwaye duka ba sa ɓata lokaci a kansa. Waɗannan dalilai na gaskiya ne, kuma duk mai son a gyara sai ya amsa su.

Wasu ƙasashe sun amsa su ta hanyar matakai. A Ingila, wata malama mai suna Christabel Burniston ta kafa hukumar jarrabawar magana a 1953. Yaro na tsayawa gaban ƴan ajinsa da mai jarrabawa, ya yi bayani a kan abin da ya sani, ya karanta da babbar murya, ya kawo abin da ya haddace, sannan ya amsa tambayoyin masu saurare. Kwalejin Trinity ta Landan tana da jarrabawar Ingilishin baki mai mataki 12: na farko hira ce ta minti 5, gaisuwa da sunayen abubuwa, na ƙarshe minti 25 ne na muhawara. Jarrabawar Faransanci ta DELF, wadda aka kafa a 1985, ta raba maki 100 gida huɗu daidai: saurare, karatu, rubutu, magana, kowanne 25, kuma wanda bai kai 5 a magana ba ya faɗi ko da ya cinye sauran. Faransa da kanta ta dawo kan abin da ta bari: daga 2021 ta saka babban oral a cikin bak, minti 20 na shiri, minti 20 gaban malamai biyu. Hikimar duka ɗaya ce, kuma ita ce ta malamin allo: kada a jira sai ranar ƙarshe, a fara da kaɗan, a hau sannu-sannu, kowane mataki a san abin da ake nema.

Yanzu ga inda muke. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mu a nan Arewa muna iya ɗauka cewa an gama mana, tunda Hausa tamu ce. Amma yarinyar da ta zo shirinmu ta nuna mana cewa jin harshe daban, iya tsayawa da shi gaban jama'a daban. Wanda zai yi wa majalisar kwamin bayanin rijiyar ƙauyensu, da matar da za ta gaya wa likita ciwon ɗanta dalla-dalla, da saurayin da zai shiga hirar neman aiki, da wakiliyar ƙungiyar mata da za ta nemi bashi, duk abu ɗaya suke bukata: su san abin da za su faɗa, su jera shi, su faɗe shi a ji, su kuma amsa tambaya ba tare da sun rikice ko sun yi faɗa ba. Wanda bai iya ba, wani ne zai yi magana a madadinsa, kuma ba kullum zai faɗi abin da aka aike shi ba.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, don sun sha faɗa mana: yaro mai baki ba shi da kunya, balle ɗiya mace. Muna girmama wannan tsoron. Sai dai a makarantar allo yarinya na karatu da babbar murya gaban malam da jama'a ranar saukarta, ba wanda ya ce ta yi rashin kunya, alfahari ma ake yi. Ladabi yana cikin abin da za a koya kuma a ba shi maki: yadda ake sallama, yadda ake jiran babba ya gama, yadda ake cewa ban yarda ba ba tare da zagi ba. Akwai kuma yara masu i'ina da masu tsananin jin nauyi. Su ne ma suka fi bukatar a fara da su a ƙaramin rukuni tun suna ƙanana, kafin ranar da za a jefa su gaban baƙo.

Ga shawararmu, kuma ba sai an jira Yamai ba. Diraktocin makarantu da kwamitocin iyaye na Tibiri za su iya tsara matakai huɗu. Na farko, ƴan aji ɗaya da biyu: gaisuwa, faɗin suna da gari, da gatana gajera, da Hausa. Na biyu, ƴan tsakiyar firamare: yaro ya kawo wani abu daga gida, ko kalme ko zangarniyar hatsi, ya yi bayaninsa minti biyu, ƴan aji su yi masa tambaya. Na uku, ƴan ajin satifika: ya karanta labari, ya rufe littafi, ya faɗe shi da bakinsa da Hausa da Faransanci. Na huɗu, ƴan kwaleji: muhawara, kowa ya kare ɓangarensa da hujja. Matsalar lokaci tana da magani: yara biyar a kowace Juma'a, cikin sati 12 aji mai 60 ya zagayo. Matsalar son kai ma haka: malamai biyu su ba da maki, a rubuta abin da ake dubawa a tablo kowa ya gani, wato a ji murya, magana ta jeru, hujja ta fito, a amsa tambaya, a kiyaye ladabi. Wayar hannu ma na iya ɗaukar muryar, in an yi gardama a sake saurare.

Namu alkawarin shi ne makirho. Duk makarantar da ta fara, za mu zo mu ɗauki muryar yaran, mu sa a shirin matasa iyayensu su ji. Yarinyar nan ma mun sake gayyatarta, ta ce za ta dawo, da sharaɗin mu ba ta tambayoyin tun kwana biyu kafin ranar ta shirya. Mun yarda, don haka ya kamata a yi mata tun farko.

Baba da ya kira mu, ga abin da muka samo, in mun yi kuskure a gyara mana. Ku kuma masu saurare, wa ya taɓa rataya sambol a cikinku, a wane aji, kuma wace kalma ce ta ja masa? Malamai na da da na yanzu, ku gaya mana ko matakan nan huɗu za su yiwu a ajinku, da abin da zai hana. Za mu karanta amsoshinku a shiri mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah shi ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, shi buɗa musu baki da alheri. Mu kwana lahiya.